Motar da Ke Mutuwa Ta Tashi: Nasiha ga Matasan Makanikai

'Ya'yana masu koyon gyaran mota, da ku samarin direbobi da aka fara damƙa wa makulli, akwai wata cuta ta tsohuwar mota da nake so mu zauna a kanta. Motar da ta mutu ta ƙi tashi sam ba ta cika wahalar da mutum ba. Tana gabanka, laifin yana cikinta, in ka bi shi a hankali za ka same shi. Wadda take gwada bakanike ita ce mai mutuwa ta tashi. Direba zai zo ya ce jiya ta ɗauke masa wuta sau uku a hanya, ya sauka ya buɗe bonet, bai taɓa komai ba, bayan minti ashirin ya murɗa makulli ta tashi kamar ba ita ba. Kai kuma ka tayar da ita a gareji, ta yi awa guda tana kaɗawa ko tari ba ta yi ba. Kamar yaron da ya kwana da zazzaɓi, da aka isa gaban likita sai ga shi yana wasa.

A nan ne da yawa daga cikinmu suke ɓata. Mai mota yana tsaye, kunya ta hana a ce "ban gani ba", sai a ce kwayil ne. A sayo kwayil. Bayan kwana uku a dawo, a ce kwandansa ne. Daga nan filogi, daga nan famfon mai, daga nan a kwance kafireta a wanke. Kuɗin mutum ya ƙare, cutar tana nan, kuma yanzu an tattaɓa wurare biyar, ba wanda zai iya cewa wanne ne tsohon laifi, wanne ne sabon da aka jawo. Wannan lalube ne a cikin duhu, kuma abin da na fi tsoro gare ku ke nan.

Dalilin tsorona shi ne inda waɗannan motoci suke zuwa. Ƙaramar mota in ta mutu a tsakiyar Kano, a tura ta gefen titi, mai ita ya hau Keke ya tafi gida. Mota mai ja da ƙafa huɗu kuwa an saye ta ne don hanyar da sauran ba sa bi. Tsofaffin Land Rover har yanzu suna hawa da sauka a tsaunukan Mambila, suna kai kaya da mutane ƙauyukan da ke kewaye da Gembu. Land Cruiser da Hilux suna fita daga Agadas su shiga Tenere, inda mutum zai wuni yana tafiya bai ga rijiya ba. Motar da ka ce wa mai ita "an gyara" alhali canka ka yi, can za ta je ta mutu, da mata da yara a cikinta.

Kafin komai, ka san injin da ke gabanka. Maganar da nake yi ta mai shan fetur ce: Land Rover irin Series III da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985 mai injin lita 2.25, da Land Cruiser mai injin 2F ko 3F, da Hilux mai 22R, da makamantansu. Mai shan gas, kamar injin 1HZ da ya cika hamada, ba shi da tartsatsi ko kaɗan, matsin iska ne ke kunna mansa. Amma shi ma akwai 'yar waya guda da ke zuwa kan famfon injekta, wadda ke buɗe hanyar mai in an kunna makulli. In ta yi sako-sako, motar za ta riƙa ɗaukewa tana dawowa kamar mai ciwon wuta. Ku riƙe wannan, wata rana zai fisshe ku.

Tsarin wutar mai fetur tsoho ne ƙwarai. Wani Ba'amurke, Charles Kettering, shi ya tsara shi, aka fara sa shi a motar Cadillac a 1910, kuma sunan kamfaninsa Delco. Shi ya sa 'yan'uwanmu na Nijar, da suka karɓo kalmar daga Faransanci, har yau suke kiran distiributa delko, su kira kwayil bobin, filogi kuma buji. Wuta takan fito daga batir, bolt 12, ta bi ta makulli ta shiga kwayil. A cikin kwayil akwai naɗin waya biyu: mai kauri, zagaye 'yan ɗaruruwa, da siririya kamar gashi, zagaye dubbai masu yawa. Wutar ta ratsa mai kaurin, ta fita ta ɗaya gefen, ta je kwantak da ke cikin distiributa, ta sauka jikin inji, wato at. Duk lokacin da kwantak ya buɗe baki, wutar ta yanke farat ɗaya, wannan yankewar ce ke haifar da bolt 15,000 zuwa sama da 20,000 a siririn naɗin. Babbar wayar tsakiya ta kai ta kan distiributa, rota ya rarraba wa filogi bi da bi: 1-3-4-2 a Land Rover mai silinda huɗu, 1-5-3-6-2-4 a Land Cruiser mai shida. A motocin da suka biyo baya an cire kwantak, an sa ɗan naɗin waya mai maganaɗisu a cikin distiributa da wani akwatin lantarki da ake kira iginaita, amma aikin bai canza ba: a haɗa wuta, a yanke.

Ka ga ashe hanya ɗaya ce, mai mashiga da mafita. Cutar da ke zuwa tana tafiya kuwa ba ta rasa ɗayan uku a bayanta: zafi, ko girgiza, ko danshi. Wani abu ne ke buɗewa in ya yi zafi ya koma in ya huce, ko ya rabu in an girgiza shi, ko ya bar wuta ta zurare in ya jiƙe. Na sha jin ana cewa baki ne ko sammu ya kama mota saboda an rasa kanta. Ni dai duk wadda na bi har ƙarshe, a ɗayan ukun nan na same ta.

Don haka aikin farko da baki ake yin sa, sifana tana aljihu. Ka zaunar da direba, ka ba shi girmansa, ka tambaye shi. Da sanyin safiya take yi ko sai rana ta take? Bayan tafiyar minti nawa? A kan kwalta ko a hanya mai gargada? Da ya taka totur, ko da ya ɗaga ƙafa? Bayan ya ƙetare rafi, ko bayan an wanke inji? Sannan babbar tambaya: yaya take mutuwa? Wadda mai ya yanke mata takan yi ta shiƙa, ƙarfinta ya riƙa raguwa, ta ja ta saki, in an bubbuga totur ta ɗan farfaɗo kafin ta kwanta. Wadda wuta ta yanke mata kuwa kamar an sa wuƙa, yanzu tana gudu yanzu shiru. In wutar ta dawo motar tana cikin giya, sau da yawa za a ji ƙara kamar harbin bindiga a salansa, domin fetur ɗin da bai ƙone ba ya taru a can ya kama gaba ɗaya. In motar tana da agogon da ke nuna juyin inji, ka tambaya ko allurar takan faɗi ƙasa nan take alhali motar tana gangarawa cikin giya. In tana faɗuwa, laifin yana ɓangaren ƙaramar wuta, tun kafin tartsatsi. Ka kuma tambayi karen mota. Shi ne ke sauka ya buɗe bonet, sau da yawa ya ga abin da maigidansa bai gani ba, sai dai ba a tambayarsa.

Bayan tambaya sai bin mota. Ba yadda za a yi ka kama wannan cuta kana zaune a inuwar gareji. Ka shiga gaba kusa da direba, ku bi irin hanyar da take yi, a irin lokacin da take yi, da irin lodin da take ɗauka. Kayan da za ka riƙe ba su da yawa: ƙaramin kwan fitila mai bolt 12 da ka liƙa wa waya biyu, da mita in kana da ita, da filogi guda mai kyau, da doguwar waya mai fis a tsakiya, da tsumma da ruwa.

Da ta mutu, kada ka tsaya jimami. Hausawa sun ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, a nan kuwa hucewar ce ke tafiya da shaidarka. Minti biyar ko goma kake da su. A ja birkin hannu, a sa giya a firi, a sa dutse a ƙafa. Ka zare babbar wayar tsakiya daga kan distiributa, ka riƙe ta da busasshen tsumma ko filaya mai roba, bakinta kusa da jikin inji kamar tazarar rabin santimita, nesa da kafireta da bututun mai, direba ya murɗa. In ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙara tas-tas-tas a jere, to daga batir har kwayil lafiya, sai ka nemi laifin a gaba: rota, murfin distiributa, wayoyin filogi, ko kuma ɓangaren mai. In babu tartsatsi, ko ja ne mai rauni yana tsallake, laifin yana baya. Da gwaji ɗaya ka raba aikin biyu ka ajiye rabi. A mota mai iginaita kada ka buɗa tazarar da yawa, domin wutar da ta rasa inda za ta sauka tana iya komawa ta ƙona shi. Gara ka sa filogin da ka riƙo a bakin wayar, ka jingina shi da jikin inji.

In babu tartsatsi, kwan fitila ya karɓi aiki. Waya ɗaya a jikin inji, ɗaya a gefen kwayil da wuta ke shiga. In bai kama ba, wuta ba ta isowa: makulli, fis, ko wayar da ke tsakani. In ya kama, ka mayar da shi ɗaya gefen, wanda ke zuwa distiributa, a sake murɗawa. Ya kamata ya riƙa ƙiftawa. In ya kama ya tsaya cak ba ƙiftawa, hanyar zuwa at ta yanke: bakin kwantak ya ƙone ko ya yi datti, ko wata waya ta tsinke a ciki, ko iginaita ya daina aiki. In ya ƙi kamawa sam, ko dai wuta tana zurarewa ƙasa ta kwandansa ko ta wayar da ta goge, ko kwantak ba ya buɗewa, ko naɗin kwayil ya yanke.

Bari in ba ku labarin motar da ta koya mini wannan. Wata tsohuwar Land Rover ce mai jigilar 'yan kasuwar ƙauye. Takan ɗauke tana cikin gudu, wani lokaci ta dawo da kanta kafin ta tsaya, wani lokaci sai an sauka an jijjiga wayoyi. Ina matashi a lokacin, na canza mata kwayil, na canza kwandansa, na ce wa mai ita ya tafi. Ranar kasuwa ta gaba ta kwana da mutane a daji, har da mai jego. Da labarin ya iso, maigidana bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki ƙaramin kwan fitila, ya ɗaura waya ɗaya a gefen kwayil mai zuwa distiributa, ya jawo kwan har cikin mota ya rataye shi inda zan gani, ya ce in zuba masa ido. Muna tafiya kwan yana ɗan haske dishi-dishi. Da direba ya daidaita ƙafa a kan totur a wani miƙaƙƙen wuri, motar ta ɗauke, kwan ya haske tar, sannan ta dawo ya koma yadda yake. Maigida ya ce a tsaya. Ya buɗe murfin distiributa, ya kama 'yar siririyar wayar da ke zuwa kwantak ya ja ta a hankali, sai ta miƙe kamar roba. Jan ƙarfen ciki ya daɗe da tsinkewa, fatar ce kawai ta rage tana riƙe da bakin biyu a haɗe.

Abin da ya sa ba ta taɓa yi a gareji ba shi ne wannan. Farantin da kwantak ke zaune a kai ba a kafe yake ba. Akwai wani ɗan gwangwani a gefen distiributa da iskar kafireta ke zuƙa, yana juya farantin kaɗan don tartsatsi ya riga lokacinsa in mota tana tafiya da rabin totur. Duk juyin da farantin ya yi sai wayar nan ta lanƙwashe, shekara da shekaru. Mota tana tsaye tana kaɗawa, farantin ba ya motsi, bakin wayar yana haɗe. Kuɗin wayar bai kai na kwanon abinci ba. Tun daga ranar, in cuta ta ƙi tsayawa in gan ta, sai in kafa mata mai gadi: kwan fitila a wurin da nake zargi, tun kafin ta zo. Kuma duk distiributar da na buɗe sai na ja wannan waya, na duba ɗaya 'yar wayar da ke haɗa farantin da jikin distiributa, na kama sandar tsakiya na girgiza. In sandar tana lilo, buɗin kwantak ba zai taɓa zama daidai ba, ko da ka saita shi a kan ƙa'ida, milimita 0.35 zuwa 0.40 a Lucas na Land Rover, 0.45 a injin 2F.

Masu ciwon zafi su ne kwayil, kwandansa, iginaita da ɗan naɗin cikin distiributa. Siririyar waya takan tsage a ciki, in ta yi zafi ƙarfe ya buɗe tsagin ya rabu, in ta huce ya koma. Shi ya sa in ka auna su da sanyi mita za ta ce lafiya. Ka auna da zafinsu. Ko kuma ka jiƙa tsumma ka ɗora a kan abu guda kaɗai, kwayil misali, ban da bakin wayoyinsa. In motar da ta saba ɗaukar minti ashirin ta tashi cikin minti biyu, ka sami inda za ka matsa bincike. Ku kuma lura da irin kwayil da aka sa. Akwai mai kusan om 3 da ke karɓar bolt 12 kai tsaye, akwai mai kusan om 1.5 da ke tafiya tare da razista, wani ɗan farin tangaran mai rage masa wuta. In aka sa na biyun ba razista, zai yi zafin da hannu ba ya taɓawa, ya cinye kwantak, ya riƙa ɗaukewa. Razistan kansa in ya lalace yana da alamar da ba ta ɓuya: mota ta kama muddin ana murɗe da makulli, da an saki ta mutu, domin lokacin tayarwa wuta tana bin wata hanya ce da ta kauce masa.

Masu ciwon girgiza kuwa yawanci aikin hannunmu ne, kuma wannan yana ba ni takaici. Kan batir da aka buga wa ƙusa don ya kama. Waya da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda maimakon a liƙe da dalma. Fis da aka maye da zaren waya. Babbar wayar at da ke haɗa inji da jikin mota, wadda aka manta ba a mayar ba bayan an sauke giya, ko ta yi tsatsa a ƙarƙashin noti. In ka taɓa wayar totur ko ta cok ka ji ta da zafi bayan an murɗa, wuta ce ta rasa hanyarta take bi ta nan. A Toyota ka duba 'yan wayoyin kariya da ke manne da kan batir, sukan ruɓe a cikin fatarsu. Makulli ma yakan cinye, balle wanda aka rataya masa makullan gida da na shago suna lilo a kan gargada. Mota tana kaɗawa, ka bi waya ɗaya-ɗaya kana girgizawa, ka taɓa makulli, ka saurari inda injin zai yi tuntuɓe. In kana zargin wannan ɓangare, doguwar wayarka mai fis daga batir zuwa kwayil za ta raba gardama: in cutar ta ɓace, laifin yana tsakanin batir da kwayil. Gwaji ne kawai. Makulli ba zai kashe motar ba sai ka cire wayar, kuma kwayil mai razista ba zai jure ta na dogon lokaci ba, don haka kada ka sallami mota a haka.

Danshi ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙurar hunturu ta kwanta a cikin murfin distiributa, raɓar damina ko ruwan rafi ya jiƙa ta, wuta ta sami gajeriyar hanya. Ka duba cikin murfin da haske, za ka ga siririn layi baƙi kamar zanen fensir, ko tsagi. Da dare ka buɗe bonet a wuri mai duhu, wayar filogi da ta fashe za ta nuna kanta da ƙyalli.

In mai injekta ce ta shekarun 1990, irin Land Cruiser mai injin 1FZ-FE, motar tana ajiye labarin abin da ya same ta. A akwatin gwaji ka haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya, ka kunna makulli, ka ƙirga ƙiftawar fitilar inji. Lamba 14 tana nuni ga iginaita da kwayil, 12 da 13 ga saƙon juyin inji daga distiributa. Kada ka cire kan batir kafin ka karanta, cirewar tana goge labarin.

Sauran magana ta amana ce. In za ka canza abu, ka canza guda ɗaya, ka gwada a hanyar da cutar ke zuwa, sannan ka taɓa na biyu. Sabon kaya ba shaida ba ne, kasuwa cike take da jabu, na sha ganin sabon kwandansa da ya mutu cikin mako guda alhali tsohon da aka jefar lafiyarsa ƙalau. Ka mayar wa mai mota tsohon kayansa ya ajiye a mota. Ka nuna masa laifin da idonsa, in da hali ka sa cutar ta dawo a gabansa ka kuma kore ta. In kuwa ka bi mota kwana biyu ba ta yi ba, ka gaya masa gaskiya: "Alhaji, ban kama ta ba tukuna. Ga abin da na duba, ga abin da nake zargi, kada a shiga daji da ita sai mun gani." Zai yiwu ransa ya ɓaci, zai yiwu ya kai ta wani wuri. Ka bar shi ya tafi da gaskiyar.

Ku kuma direbobi, ranar da ta ɗauke muku, ku duba agogo, ku lura da hanya da zafin inji da abin da ƙafarku take yi a lokacin, ku kawo wa bakanike labarin yadda yake ba ƙari. Ku ajiye kwantak da kwandansa da rota da kuka tabbatar suna aiki a cikin mota, tare da ruwan sha da ya fi na tafiyar. Kai kuma ɗana, yau kafin ka tashi daga gareji ka nemi ƙaramin kwan fitila, ka liƙa masa waya biyu, ka sa a aljihun rigar aikinka. Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya kai matafiya gida lafiya.